Wa Zai Ƙidaya Gonakin Wagini?

Kowace shekara, da zarar damina ta ja baya kaka ta kunno kai, akwai tambayar da kan taso a ofisoshin gwamnati a Katsina: shin gonaki nawa aka noma bana a yammacin jihar, nawa kuma aka bari suka zama saura? Da amsar wannan tambaya ne ake auna yawan hatsin da za a kai agaji, da yawan takin da za a ware, da kuma sanin ko sulhun da ake cewa an yi da 'yan bindiga ya kai ga gona ko kuwa ya tsaya a wurin taro. Amma akasari amsar da kan iso teburin manyan ma'aikata ita ce "da yawa", ko kuma "abin ya yi sauƙi bana". Ba a tsara kasafin kuɗi da "da yawa".

Garin Wagini, a Ƙaramar Hukumar Batsari, misali ne da ya isa a tsaya a kansa. Yana cikin jerin garuruwan da ke gefen Dajin Rugu, dajin da ya ratsa ƙasar Batsari da Safana da Ɗanmusa har ya haɗe da dazuzzukan Zamfara. Mutanen wannan yanki manoma ne na gero da dawa da wake da gyaɗa da rogo, makiyaya kuma sun daɗe suna kiwo a cikinsu. Tun da ta'addancin 'yan bindiga ya tsananta, manomi kan duba nisan gonarsa da bakin daji kafin ya duba kyan ƙasarta. A watan Fabrairu na 2020 an kashe mutum 30 a ƙauyukan Tsauwa da Dankar na ƙasar Batsari. A watan Satumba na 2021 gwamnati ta sa aka katse layukan wayar salula a ƙananan hukumomi 13 na jihar, Batsari da Safana suna ciki. A irin wannan hali ba mai hankalin da zai tura malamin gona da babur da igiyar awo ya zaga gonakin da masu su ma ba sa iya zuwa.

To, sai dai gonakin da ƙafa ba ta iya takawa ana ɗaukar hotonsu daga sama duk kwana biyar, kuma hotunan suna nan a ajiye, kyauta, ga duk wanda ya san yadda zai nema. Wannan shi ne sabon al'amarin da ya kamata ma'aikata da ɗalibai su fahimta, domin ya sauya ma'anar kalmar "ba a sani ba" a aikin gwamnati.

Ɗaukar hoton ƙasa daga sama ba baƙon abu ba ne a Nijeriya. A tsakiyar shekarun 1970 Gwamnatin Tarayya ta sa jirgin sama mai na'urar rada ya zaga ƙasar nan, aka fitar da taswirorin tsirrai da na amfanin ƙasa don Sashen Gandun Daji. A 1972 Amurka ta harba tauraron ɗan'adam na farko a jerin Landsat, kuma jerin bai yanke ba har yau: an harba na takwas a 2013, na tara a 2021. Kowane hoto nasa yana ɗauke da faɗin ƙasa na kilomita 185, kuma kowane tauraro kan koma kan wuri guda bayan kwana 16. Ko da yake akwai giɓi a hotunan Afirka ta Yamma na wasu shekaru, abin da aka tara ya isa a ga yadda Rugu yake tun Katsina tana lardi a Jihar Arewa ta Tsakiya, a kuma bi sawun canjinsa zuwa yau.

Abin da ya hana amfani da wannan taska shi ne tsada da nauyi. Kafin 2008 sayen hoton Landsat ake yi, guda ɗaya da ɗaruruwan daloli, saboda haka mai bincike a Zariya ko Kano kan sayi biyu ko uku ya gina digirinsa a kansu. A 2008 Amurka ta mai da su kyauta. Tarayyar Turai ta bi sahu da taurarinta na Sentinel-2, na farko a 2015, na biyu a 2017, waɗanda kowane ɗigo a hotonsu yake daidai da fili mai mita 10 tsawo da mita 10 faɗi, watau gona mai hekta ɗaya tana da ɗigo ɗari. Da tsada ta kau, sai nauyi ya rage. Yanki guda na hoton Sentinel-2, mai kimanin kilomita 100 kowace fuska, yakan doshi gigabayit ɗaya, kuma akan sami fiye da 70 a shekara. Ma'aikacin da ke son ya kwatanta damina takwas zai sauko da ɗaruruwan irin wannan, a ofishin da wutar lantarki ke zuwa tana ɗaukewa, da intanet ɗin da shi yake saye daga albashinsa. Kafin ya gama, wata damina ta shigo.

Nan ne abin da ake kira girgijen kwamfuta ya shigo. Sunan yana da ruɗi, domin babu girgije a cikin al'amarin. Manyan gidaje ne cike da dubban kwamfutoci, a ƙasashe dabam-dabam, inda aka ajiye hotunan gaba ɗaya tare da injinan da za su sarrafa su. A da, sai an ɗauko dammunan hatsi daga rumbu an kai gida kafin a sussuka. Yanzu masussukar tana gindin rumbun. Mai buƙata yana aika umarni ne kawai, a sussuka, a sheƙe, a aiko masa da tsabar da ya nema. Ma'aikaci a Katsina zai zana iyakar ƙasar Wagini a kan taswira, ya rubuta 'yan layukan umarni, injinan can su karanta hotunan shekaru, su dawo masa da taswira guda da jadawalin lissafi waɗanda ƙaramar kwamfuta ma za ta iya buɗewa.

Mafi shahara cikin waɗannan dandamali shi ne Google Earth Engine, wanda aka ƙaddamar a watan Disamba na 2010. An ga ƙarfinsa a 2013, lokacin da Matthew Hansen na Jami'ar Maryland da abokan aikinsa suka fitar da taswirar dazuzzukan duniya daga 2000 zuwa 2012. Sun sarrafa hotunan Landsat fiye da 650,000 a kan kwamfutoci 10,000 cikin 'yan kwanaki, aikin da aka ƙiyasta zai ci kwamfuta guda shekara 15. Akwai kuma Digital Earth Africa, wanda aka kafa a 2019 musamman don wannan nahiya, hotunansa suna ajiye a rumbun kamfanin Amazon da ke Cape Town, kuma yana da taswirar filayen noma da ta wuraren da ruwa ke kwanciya. Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya tana da nata mai suna SEPAL, Tarayyar Turai ma ta buɗe nata a 2023.

Yaya hoto zai bambanta gonar da aka noma da wadda aka gudu aka bari? Amsar tana cikin abin da kowane ɗan ƙauye ya sani. Ganye mai rai yana mayar da wani irin haske da idon mutum ba ya gani, amma na'urar tauraro tana auna shi, don haka ana iya sanin yawan kore a kowane ɗigo. Gonar da ake aiki a cikinta tana da tafiyarta ta musamman a shekara: a farkon damina an share ta an yi huɗa, ƙasa ce tsirara, a watan Agusta zuwa Satumba ta yi kore shar, bayan girbi ta sake komawa fili. Tana kuma da iyaka, kusurwa-kusurwa, kowace dabam da maƙwabciyarta saboda bambancin ranar shuka da irin abin da aka shuka. Gonar da aka bari kuwa ciyawa ce ke rufe ta tare da na kusa da ita, su yi kore lokaci guda su bushe lokaci guda, iyakoki su ɓace. Idan aka haɗa hoton farkon damina da na tsakiya da na ƙarshe, ƙasar da ake nomawa takan fito kamar zanen da aka yi wa faci iri-iri, wadda aka bari kuma ta fito launi ɗaya.

Wannan ba zato ba ne, an riga an gwada shi. A 2019 Hukumar Samar da Abinci ta Duniya ta yi amfani da hotunan Sentinel-2 a kan Google Earth Engine ta duba ƙauyukan yankin Mopti a ƙasar Mali, inda rikici ya hana jami'anta shiga. Ta kwatanta daminar shekarar da ta shekarun da rikicin bai tsananta ba, ta ware ƙauyukan da nomansu ya ragu ƙwarai da waɗanda ya ragu kaɗan da waɗanda bai taɓu ba. Wani abin da hotunan suka nuna shi ne yadda gonaki suka tsuke suka dawo gindin gari, na nesa suka mutu. An shigar da sakamakon cikin lissafin ƙarancin abinci da ƙasashen yankin ke yi tare, daga baya kuma aka faɗaɗa aikin zuwa wasu ƙasashen Sahel. Duk wanda ya saurari manoman Batsari da Safana ya san wannan siffa ta tsukewar gonaki, domin ita suke bayyanawa da bakinsu. Bambancin kawai shi ne hoto yana iya faɗin ko tsukewar ta kai kilomita nawa, a wace shekara ta fara, kuma ko ta fara saki.

Batun saki shi ne ya fi muhimmanci a yanzu. Gwamnatin Aminu Bello Masari ta yi sulhu da 'yan bindiga a 2016 da 2019, duka biyun suka warware. Gwamnatin Dikko Umaru Raɗɗa ta kafa rundunar tsaron al'umma a 2023, sannan a 2025 aka yi zaman sulhu a wasu ƙananan hukumomin yammacin jihar. Kowane mataki yana da masu yabo da masu suka, kowa kuma da labarin da yake kafa hujja da shi. Fadin ƙasar da aka noma a kewayen Wagini damina bayan damina shaida ce da ba ta da jam'iyya. Manomi ba ya kai iri da taki gonar da ba ya sa ran girbewa. In gonakin bakin daji sun farfaɗo, ya nuna mutane sun amince da zaman lafiyar. In har yanzu ciyawa ce, to duk abin da aka faɗa a taron manema labarai bai isa can ba. Sai dai a lura da abu ɗaya: hoto zai nuna an noma gona, amma ba zai nuna ko sai da mai ita ya biya 'yan bindiga kuɗin fansar noma kafin ya shiga ba, ko ma wane ne ya noma ta. Wannan sai an tambayi mutane.

Akwai wata rigima da ke jiran ranar da lafiya ta samu sosai, wadda ba a cika maganarta ba. Iyalin da suka bar ƙauyensu shekara shida ko bakwai za su dawo su tarar da iyakoki sun shafe, itatuwan da ake shaida da su an sare, dattawan da suka san kan gado wasu sun rasu. Akasarin gonakin karkara ba su da takarda. Shari'un gona za su cika zauren dagatai da fadar Sarkin Ruma a Batsari da ta Yariman Katsina a Safana da kotunan yanki. Tsofaffin hotuna ba za su faɗi sunan mai gona ba, amma za su nuna inda iyaka ta bi kafin gudun hijira, za su kuma nuna inda burtali ya ratsa kafin gona ta cinye shi. Wannan na biyun ya shafi tushen fitinar kanta. Yankin Ruma da Kukar Jangarai da Runka yana cikin wuraren da Gwamnatin Jihar Arewa ta fara gwajin keɓe makiyaya a shekarun 1960, zamanin da aka yi dokar makiyaya ta 1965. Makiyaya suna cewa gonaki sun cinye musu wurin kiwo da hanyoyin shanu, manoma suna cewa ba haka ba ne, ko kuma hukuma ce ta yanka musu. Shekara hamsin na hotuna za su iya nuna wace shekara aka shiga wane sashe. Mai yiwuwa ne wannan ya sa wasu ba za su yi marhabin da aikin ba, domin ba talaka kaɗai ne ya sami fili a gandun daji ba.

Wajibi ne kuma a faɗi abin da wannan fasaha ba za ta yi ba, saboda an cika yi wa jama'a romon baka da ita. Sau da yawa akan ji ana tambaya, in akwai tauraro a sama me ya hana a ga 'yan bindiga a kama su? Ɗigon mita 10 ya fi babur girma nesa ba kusa ba, kuma hoton da ake ɗauka duk kwana biyar da hantsi ba zai ga wanda ya fito da tsakar dare ya koma kafin asuba ba. Akwai taurarin kasuwanci masu ganin abin da bai kai mita ɗaya ba, amma da kuɗi ake sayen hotonsu, su ma kuma ba tsaye suke a kan daji suna gadi ba. Ko an ga bukkoki da garke a tsakiyar Rugu, hoto ba ya bambanta rugar makiyayin da shi ma aka sace wa shanu da sansanin ɓarayin. Abin da ya faru a Tudun Biri ta Jihar Kaduna a watan Disamba na 2023, inda jirgin soja marar matuƙi ya kashe mutane fiye da 80 a wurin Mauludi, ya isa gargaɗi game da yanke hukunci daga sama. Amfanin girgijen kwamfuta a Wagini na lissafi ne da shaida da tsara aiki. Wanda ya sayar wa gwamnati shi da sunan maganin 'yan bindiga ya yaudare ta.

Ko a wajen lissafin ma akwai tarnaƙi. Watan Agusta, lokacin da aka fi buƙatar hoto, shi ne lokacin da hadari ke rufe sama; akan cike giɓin da taurarin rada irin su Sentinel-1, masu ratsa gajimare, amma karanta hotonsu ya fi wuya. Ƙurar hunturu ma tana dusashe hoto. Gonar Bahaushe kuma ba irin ta Turai ba ce mai shuka iri ɗaya: gero da dawa da wake suna kunya ɗaya, ga gawo da ɗorawa a tsakiya. Na'urar da aka koya wa gane gona da misalan wata nahiya takan yi kuskure a nan. Taswirar Hansen ma, da yake dogayen itatuwa masu rufe ƙasa take nema, ba ta ganin yawancin itatuwan da ke warwatse a irin wannan ƙasa. Sai a 2020 wani bincike da Martin Brandt ya jagoranta, da hotuna masu ganin rabin mita, ya ƙirga itatuwa fiye da biliyan 1.8 a yammacin Sahara da Sahel, inda taswirori da yawa ke nuna kamar babu komai.

Darasin maƙwabta ya fi wannan kusa. A yankin Maraɗi da Damagaram manoma sun yi shekara kusan ashirin, tun daga tsakiyar shekarun 1980, suna barin tohon itatuwa a gonakinsu, har ya kai an ƙiyasta hekta miliyan 5 da suka farfaɗo. Duk tsawon lokacin taurari suna wucewa ta kansu, amma duniya ba ta lura ba sai da masu bincike, ciki har da Gray Tappan na hukumar safiyon ƙasa ta Amurka, suka kwatanta hotunan jirgin sama na 1975 da sababbi, suka kuma sauka suka taka gonakin. Ma'ana, hoto yana buƙatar wanda ya san ƙasar. A Wagini, mutanen da suka san wace gona ce ta rogo, wace ce fadama, wace ce tsohuwar makiyaya, suna nan, wasunsu suna zaman hijira a garin Batsari ko Katsina. Ɗalibin da ya zauna da su da taswira a hannu zai gyara kuskuren da injin dubu goma ba za su gano ba.

Saura tambayar da ta fi damun masu kishin ƙasa: rumbun na wane ne? Nijeriya ta kafa hukumar binciken sararin samaniya a 1999, ta harba NigeriaSat-1 a 2003, sannan NigeriaSat-2 da NigeriaSat-X a 2011, waɗanda tuni suka wuce wa'adin da aka ƙera su dominsa. Tana da cibiyar nazarin hotunan tauraro a Jos, da makarantar koyar da safiyon sama a Ile-Ife tun 1972. Duk da haka hotunan da za a ƙirga gonakin Wagini da su na Amurka da Turai ne, injinan kuma na kamfanonin waje. Kyautar da ke hannun wani kuwa tana iya yankewa. Tun 2022 Google ya fara sayar da dandalinsa ga kamfanoni da hukumomin gwamnati, ya bar kyauta ga masu bincike da koyarwa da ayyukan da ba na riba ba. A 2024 Microsoft ya rufe sashen dandalinsa da masu bincike ke yin lissafi a kai kyauta. A farkon 2025, da gwamnatin Amurka ta dakatar da ayyukan hukumarta ta ba da agaji, shafin FEWS NET, wanda ya shafe shekaru tun 1985 yana gargaɗin yunwa a Sahel, ya rufe na wasu watanni.

Wannan ba dalili ba ne na ƙaurace wa dandamalin, kuma ba dalili ba ne na cewa sai jiha ta gina nata rumbun kafin ta fara, domin wannan hanya ce ta kwangila mai tsada da jinkiri. Abin da ya kamata ya zauna a gida shi ne sakamakon da aka fitar, da bayanan da aka tattaro daga bakin manoma, da umarnin da aka rubuta, da mutanen da suka iya rubuta shi. Waɗannan ba su da nauyi. Cibiyar ajiyar bayanai ta Galaxy Backbone da aka buɗe a Kano a 2023 ta fi ƙarfinsu. Bayanan da suka ƙunshi sunayen masu gonaki da wuraren da mutane suka koma noma kuwa suna buƙatar tsaro na musamman, a ƙarƙashin dokar kare bayanai ta 2023, domin taswirar da ke nuna wa gwamnati inda aka yi amfanin gona mai kyau za ta nuna wa ɓarawo ma.

Kayan aikin da ake buƙata suna kusa. Jami'ar Tarayya ta Dutsin-ma, wadda aka kafa a 2011, maƙwabciyar Safana ce. Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa tana Katsina. Shirin ACReSAL na Bankin Duniya, mai dala miliyan 700, wanda aka amince da shi a watan Disamba na 2021 don jihohin Arewa 19 da Abuja, aikinsa ke nan farfaɗo da ƙasar da ta lalace, kuma ba zai iya nuna abin da ya farfaɗo ba sai da awo. Ma'aikata uku ko huɗu a Ma'aikatar Gona, da aka horar aka kuma bar su a kan kujerarsu ba tare da canjin wurin aiki duk shekara ba, tare da intanet da wutar rana, za su iya fitar da rahoton gonakin Batsari da Safana kowane watan Oktoba, gunduma-gunduma. Wahalar ita ce a sa rahoton cikin ƙa'idar aiki, ta yadda ba za a raba hatsin agaji ko taki ba sai an buɗe shi, a kuma buga shi a fili ko da shekarar da alƙalumansa ba su yi wa gwamnati daɗi ba. Ƙidayar jama'a ta ƙarshe a ƙasar nan an yi ta ne a 2006, kafin a raba ƙauyukan gefen Rugu da mutanensu. Hoton ƙarshe na gonakin Wagini kuwa bai wuce kwana biyar da ɗauka ba.